Murhun da ke cin hayaƙinsa: abin da ya sa magidanta a Amurka da Kanada ke sauya murhun ɗumama gida

A birnin Monreyal na ƙasar Kanada, tun ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2018, doka ta hana mutum hura wutar itace a cikin gidansa, sai fa idan murhunsa yana da takardar shaidar cewa ƙurar hayaƙin da yake fitarwa ba ta wuce giram 2 da rabi a awa guda ba. Giram 2 da rabi kuwa kamar rabin ƙwayar sukarin nan ne da ake jefawa a shayi. Tsofaffin murahun ƙarfe da aka daɗe ana amfani da su a can suna fitar da giram 15 zuwa 30 a awa, wasu ma fiye da haka. Ke nan duk magidancin da ke son ci gaba da jin ɗumin itace, dole ya fitar da tsohon murhu ya sayo sabo.

A Amurka ma haka zancen yake, ko da yake dokar ƙasa baki ɗaya a kan masu ƙerawa da masu sayarwa ta hau. Daga ranar 15 ga Mayu na 2020, Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta hana sayar da sabon murhun da ya haura giram 2 a awa, ko 2 da rabi gwargwadon irin gwajin da aka yi masa. Wannan ne ya sake fito da wani murhu da kasuwa ta taɓa juya wa baya, murhu mai katalizar, wanda ke ƙone hayaƙinsa kafin ya fita waje.

Mai karatu zai iya mamakin jin cewa a ƙasashen da ake ganin wutar lantarki ba ta ɗaukewa har yanzu ana faskaren itace. Ana yi ƙwarai. A Amurka kaɗai gidaje wajen miliyan 2 da itace suka dogara wajen ɗumama ɗakuna, wasu miliyoyin kuma suna ajiye murhu don rage kuɗin wuta da na gas, ko don ranar da ƙanƙara za ta tsinka wayoyin lantarki. Sanyin can yakan ɗauki wata biyar zuwa shida, a wurare irin su Alaska ma'auni yakan sauka har digiri 40 ƙasa da sifili. A irin wannan wuri, gidan da wutarsa ta mutu da dare, kafin gari ya waye ruwan famfo ya daskare ya fasa bututu.

Murhun da ake magana a kansa akwatin ƙarfe ne mai nauyi, wani ya kai kilo 200, da ƙofa mai gilashi, ana girka shi a tsakiyar falo. Bututu yana fita daga kansa ya huda rufin gida. Ba don girki aka yi shi ba, aikinsa ya riƙe wuta dare da rana yana sakin zafi a hankali.

Hayaƙi itace ne da ya tsere

Kafin a gane amfanin katalizar, sai an fara gane abin da ke faruwa idan an sa itace a wuta. Da farko ruwan da ke cikinsa ne ke tafasa ya fita. Shi ne wannan kumfa da ƙarar da ake ji a gindin ɗanyen itace. Idan zafi ya ƙaru, sai itacen ya fara sakin wata iska mai kama wuta, haɗe da tururin wani abu mai kama da kwalta. Harshen wutar da muke gani wannan iskar ce ke ci. Abin da ya rage bayan ta gama fita shi ne gawayi, wanda ke ci ja wur ba tare da harshe ba.

Fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itace yana cikin wannan iska. Matsalar ita ce ba ta kamawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 600, kuma ta sami wadatacciyar iskar shaƙa. Idan ɗaya daga cikin biyun ya gaza, sai ta tashi haka nan ba ta ƙone ba, ta huce a hanya, ta zama ƙananan ɗigo da ƙura. Shi ne hayaƙi. Duk matar da ta taɓa durƙusawa ta hura wutar da ke turnuƙe madafa, ta ga hayaƙin ya yi fat ya koma harshen wuta, ta riga ta ga wannan da idonta. Hayaƙin da ke tashi daga murhu itacen da aka saya da kuɗi ne yake tafiya bai yi aikin komai ba.

Mai ɗumama gida yana cikin tsaka mai wuya fiye da mai girki. Mai girki wuta mai ƙarfi take so, ta awa ɗaya ko biyu. Shi kuwa mai ɗumama gida yana son ya cika murhu da dare ya kwanta, ya tashi da asuba ya tarar da wuta. Hanyar da ya sani ita ce ya toshe ramin iska don itacen ya riƙa ci a hankali. To amma da an rage iska zafin cikin akwatin sai ya sauka ƙasa da digiri 600, itacen ya kwana yana turara hayaƙi. Wani sashe na hayaƙin ya fita ya cika unguwa, sauran ya manne a cikin bututu ya zama kunkunniya mai danƙo, baƙa ƙirin. Ita wannan kunkunniyar tana kama wuta. Idan ta taru ta yi kauri, wata rana wuta mai ƙarfi ta lasa ta, sai bututun gaba ɗaya ya kama da ruri, kuma gidajen can da katako ake gina mafi yawansu. Kowace shekara ana asarar gidaje ta wannan hanya.

Saƙar zuma a kan hanyar hayaƙi

Makanikai a garejojin Yamai da Maraɗi sun san katalizar, domin tana cikin salansar kusan duk motar da aka shigo da ita daga Turai. Idan aka yanka gwangwanin za a tarar da wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Sun kuma san akwai masu yawon sayenta da tsada, saboda an shafe bangon ramukan da ƙarafa masu daraja, filatinom da faladiyom da ire-irensu. Aikin waɗannan ƙarafa shi ne su sa iskar da ba ta gama ƙonewa ba ta haɗu da iskar shaƙa ta ƙone a zafin da bai kai wanda ta saba buƙata ba. Su kansu ba sa ƙonewa, dillalai ne kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Kamfanin Corning na jahar New York, wanda ya ƙirƙiro saƙar yumɓun da aka fara sa wa motocin Amurka a 1975, shi ne ya fito da irinta ta murhun itace wajejen 1980. Ana girka ta a saman akwatin wuta, ta yadda hayaƙi ba shi da hanyar zuwa bututu sai ta cikin ramukanta. A kan wannan saƙa hayaƙi yana kamawa tun daga digiri 260, ƙasa da rabin abin da yake buƙata in babu ita. Da ta kama kuma sai ta riƙa ciyar da kanta: ƙonewar hayaƙin na ƙara mata zafi, har ta kai digiri 500 zuwa 800, wani lokaci a hango ta ta yi ja.

Abin sha'awa a nan shi ne, abin da ke lalata tsohon murhu shi ne abincin sabon. A toshe iska, itace ya kwana yana turara, duk hayaƙin ya bi ta saƙa ya ƙone, zafinsa ya tsaya a cikin ɗaki. Wanda ya leƙa ta gilashi zai ga duhu da ɗan jan garwashi, ya ɗauka wutar ta mutu, alhali ƙarfen murhun ba ya taɓuwa don zafi. Shi ya sa waɗannan murahu suka yi suna wajen daɗewa. Murhun zamani marar katalizar yakan riƙe wuta awa 6 zuwa 10. Mai katalizar yakan yi awa 12 zuwa 20 da cika ɗaya, kamfanin Blaze King ma yana tallar babban murhunsa da cewa yana kai awa 40 idan an rage shi ƙasa ƙwarai. Alƙaluman talla ne, an same su da itace mai kyau a ranar da sanyi bai tsananta ba, amma ko rabinsu aka samu, magidanci ya huta da tashin tsakar dare.

Wajen cin itace ma akwai bambanci. Buɗaɗɗen murhun bango irin wanda ake gani a fina-finai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfin itacen kawai yake bari a ɗaki, wato bai fi murhunmu na duwatsu uku ba a wajen ɓarna. Tsohon akwatin ƙarfe yakan ba da wajen rabi. Mai katalizar mai kyau yana haura kashi 75, wasu suna taɓa 80. Hukumar EPA takan ce wanda ya bar tsohon murhu ya koma wanda ta amince da shi zai rage wajen kashi ɗaya cikin uku na itacen da yake ƙonawa. Ga mutumin da ke sarewa da kansa, ya faskara, ya jera, ya kwaso cikin ƙanƙara, wannan ragin a bayansa yake jin sa tun kafin aljihu.

Tarihin murhun bai tafi sumul ba. Bayan da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur a 1973, farashin man ɗumama gida ya tashi, jama'a suka yi rububin sayen akwatunan ƙarfe masu toshe iska. Cikin ƴan shekaru garuruwan da ke cikin kwari a yammacin ƙasar suka turnuƙe. Jahar Oregon ce ta fara kafa doka a kan hayaƙin murhu, sannan EPA ta biyo baya a 1988. Kamfanoni da yawa, don su tsallake gwaji cikin sauri, sai suka cusa saƙa a cikin murahun da ba a tsara su dominta ba. Harshen wuta ya riƙa dukanta kai tsaye, ta farfashe cikin shekara ɗaya ko biyu, masu saye suka yi tir. Kasuwa ta koma ga wata dabara mai sauƙi, wato jera ƙananan bututai masu huji a saman akwatin wuta, suna feso iska mai zafi a kan hayaƙi don ya kama. Wannan dabara tana aiki da kyau idan wuta na ci da ƙarfi, tana raunana idan an rage ta. Sai da dokar 2020 ta matse iyaka sannan aka koma neman saƙar zuma, yanzu ma akwai murahu da yawa da suka haɗa dabarun biyu.

Idan kiɗa ya sauya

A nan ne masu saye da yawa ke tuntuɓe, domin wannan murhu yana da ƙa'ida, kuma ba ya yafe wa wanda ya karya ta.

A jikinsa akwai wani hannu da ke buɗe ƙofar ratse a ciki. Lokacin hura wuta ana buɗe ta, hayaƙi ya bi ta gefe ya fita ba tare da ya taɓa saƙar ba, saboda saƙa mai sanyi ba ta ƙona komai, toshewa kawai take yi da kunkunniya. Ana barin wuta ta ci da ƙarfi minti 15 zuwa 30, ana duba wani ma'aunin zafi da aka soka kusa da saƙar. Idan allura ta shiga inda aka yi wa alama, sai a rufe ƙofar ratse, a bar wutar ta ɗan ƙara ci, sannan a fara rage iska kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da za a ƙara itace kuma sai an sake buɗe ratsen kafin a buɗe ƙofar murhu. Wanda ya manta, hayaƙi zai bugo masa a fuska, iska mai sanyi kuma ta daki yumɓun da ya yi ja, ya tsage. Wanda ya manta bai rufe ba bayan ya zuba itace, ya mayar da murhunsa mai tsada tsohon akwatin ƙarfe, kuma ba abin da zai gaya masa.

Sai maganar itace, wadda ita ce uwa uba. Itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Murhu mai katalizar yana buƙatar wanda ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. A nan ƙasarmu, inda iskar hunturu ke busar da faskare cikin ƴan makonni, wannan ba abin damuwa ba ne. A can kuwa, inda ake ruwa da ƙanƙara kusan duk shekara, itace marar nauyi yana buƙatar wata 6 zuwa shekara a jere ƙarƙashin rumfa, mai tauri kuma har shekara 2. Ma'ana itacen da magidanci zai ƙona bana, tun bara ko bara waccan ya kamata ya faskara shi. Akwai ƴar na'ura mai tsinke biyu da ake sokawa a cikin itacen da aka tsaga ta nuna yawan ruwansa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ɗanyen itace yana cika akwatin da tururi, zafi ya kasa kaiwa inda saƙa za ta kama, mai gida ya zauna cikin sanyi yana zagin kamfani. Masu sayar da murhu sun daɗe suna faɗin cewa yawancin ƙorafin da ake kawo musu, idan aka bi diddigi, a rumfar itace laifin yake.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe saƙar kisan da ba ta tashi. Katako mai fenti, katakon da aka jiƙa da maganin gara, roba, leda, takarda mai ƙyalli, shara, gawayin ƙasa, duk suna ɗauke da sinadaran da ke lulluɓe filatinom ɗin su hana shi aiki. Dalma ce ta fi muni, kuma dalilin da ya sa sai da aka cire ta daga man fetur sannan katalizar ta zauna a mota ke nan. A ƙasashenmu na kudu da Sahara an daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006. Mai hura wuta da guntun leda ko tsohon silifa, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa a nan, da zai kashe saƙar tun sanyin farko.

Ko an kiyaye duk wannan, saƙa tana tsufa. Takan yi shekara 6 zuwa 10 a hannun mai kula, ƙasa da haka a hannun mai ganganci. Ana share mata toka da burushi mai laushi sau biyu ko uku a lokacin sanyi, ba a kankare ta da ƙarfe. Hanyar gane ta gaji mai sauƙi ce: bayan an rufe ratse da ɗan lokaci, mutum ya fita waje ya ɗaga kai. Idan tana aiki ba zai ga komai a bakin bututu ba sai rawar zafi, ko farin tururi da ke ɓacewa nan take. Idan ya ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana jan jela, ko itacen ɗanye ne ko saƙar ta mutu. Sabuwa tana cin dala ɗari biyu zuwa huɗu, kuma ba kowa ke sayenta a kan lokaci ba. Wannan shi ne babban abin da masu sukar murhun ke riƙewa, kuma suna da gaskiya: murhu mai matacciyar saƙa zai iya fin marar katalizar hayaƙi, ga shi kuma yana ɗauke da takardar shaidar tsabta a bayansa.

Kuɗin sauyin ma ba kaɗan ba ne. Murhun kansa yakan kama daga dala 2,500 zuwa sama da 4,000, wato daga wajen miliyan ɗaya da rabi na kuɗin sefa zuwa sama. Sau da yawa sai an taɓa bututu, domin hayaƙin sabon murhu ba shi da zafi kamar na tsohon, tun da an riga an tatse zafin a ɗaki, kuma iska marar zafi ba ta tashi da ƙarfi. Sai an zura bututun ƙarfe mai faɗin santimita 15, mai rufi, a cikin tsohon ginin, tsayinsa kuma ya kai mita 4 da rabi ko fiye. Ga kuɗin ma'aikaci, ga na mai dubawa, domin kamfanin inshora ba zai yarda ya tsaya wa gidan da aka girka murhunsa da ka ba. Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta riƙa yafe wa mai saye kashi 30 cikin 100 na kuɗin daga harajinsa, iyaka dala 2,000, da sharaɗin ingancin murhun ya kai kashi 75. Murahu masu katalizar ne suka fi cika wannan sharaɗi.

A ganina, wanda ke hura wuta ranar hutu kawai don iyali su zauna su kalli harshenta, sayen wannan murhu ɓarnar kuɗi ce. Marar katalizar ya fi masa sauƙi da kyan gani. Ribar tana wajen wanda itace ne ɗuminsa daga Nuwamba har Afrilu.

Abin da aka gani a garuruwa biyu

Hujjar hukumomi ta matsa wa jama'a ita ce lafiya. Ƙurar hayaƙin itace ƙanana ce ƙwarai, sai an jera wajen 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda, saboda haka hanci ba ya tare ta. Tana wucewa har ƙasan huhu, wata ta shiga jini, tana tayar da asma ga yara, tana ƙara haɗarin ciwon zuciya ga tsofaffi.

Garin Libby da ke jahar Montana yana zaune ne a cikin kwari tsakanin duwatsu, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Da sanyi, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasan kwarin, mai ɗumi ta rufe ta ta sama kamar faifai a kan ƙwarya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Mutanen Yamai sun san ƙanin wannan: yadda hayaƙi ke kwanciya a kan unguwanni da magariba a watan Janairu. Bincike ya nuna wajen kashi 80 na ƙurar da ke iskar Libby da sanyi daga murahun gidaje take fitowa. Daga 2005, cikin ƴan shekaru, hukuma da kamfanoni suka haɗa kuɗi aka sauya tsofaffin murahu sama da 1,100 da sababbi iri daban-daban, matalauta kyauta aka ba su. Ƙurar iskar garin ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma masu bincike na jami'ar Montana sun ga raguwar shessheƙar ƙirji a tsakanin ƴan makaranta.

Ci gaba ne, amma bai kai abin da lissafin takarda ya yi alkawari ba. Idan murhu mai giram 30 ya koma mai giram 5, ai da sai a ce hayaƙin ya kusa ƙarewa. Da aka auna cikin gidaje ɗaya bayan ɗaya, an tarar wasu iskarsu ta gyaru sosai, wasu kuwa ba abin da ya sauya. Murhu sabo ne, hannun da ke hura shi na da ne.

A Fairbanks ta Alaska, inda hayaƙin sanyi ya fi na kusan ko'ina a Amurka muni, hukumar gundumar ta fara biyan mutane kuɗi su sauya murhu tun 2010. Shekaru suka wuce iskar ba ta kai mizanin doka ba, har aka kai ga tilasta wa masu sayar da itace su sayar da busasshe kawai, ana kuma hana hura wuta a ranakun da hayaƙi ya kwanta, in ban da gidajen da suka sami izini na musamman.

Ita kanta takardar shaidar an sa mata alamar tambaya. A 2021 wata ƙungiyar hukumomin kula da iska na jahohin arewa maso gabashin Amurka, NESCAUM, ta binciki takardun gwajin murahu da yawa ta ce tsarin cike yake da ramuka, a 2023 kuma babban mai binciken cikin gida na EPA ya tabbatar da cewa hukumar ba ta sa ido yadda ya kamata. Gwajin ɗakin bincike da itace zaɓaɓɓe ake yin sa, a hannun gwani. Giram 2 da aka rubuta a bayan murhu ba lallai shi ne abin da ke fita daga bututun talaka a daren Janairu ba.

Mu fa?

Wannan murhu ba namu ba ne, kuma ba na jin ɗan kasuwar da zai yi odarsa zai ga uwar kuɗinsa. Sanyinmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa wata biyu ne zuwa uku, da dare da sassafe, rana na fitowa an tuɓe rigar sanyi. Ko a Agadas da tsaunukan Abzin, inda darare kan yi tsanani, ɗakunan ba su da bututu. Ƴan uwanmu da ke zaune a Kanada da arewacin Amurka su ne za su iya cin karo da shi a gidan da suka kama haya ko suka saya, kuma ya kamata su tambayi shekarun saƙar da ranar da aka share bututu kafin su hura.

Sai dai hayaƙin iri ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, mata da ƙananan yara a gaba. Sabara da geza da taramniyar da ake lodowa daga daji zuwa birane, da tsadar da suka yi, kaso mai yawa na ƙarfinsu a kunkunniyar rufin madafa da ƙirjin mai girki yake ƙarewa. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980 ya rage cin itace ta hanyar tattara zafi a gindin tukunya, amma ba a yi shi don ya ƙone hayaƙi ba.

Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a daren sanyi kuma haɗarinsa daban ne. Gawayi ya riga ya saki hayaƙinsa a wurin da aka ƙona shi, shi ya sa ake ganin kamar ba shi da illa. Amma yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta kori iskar shaƙa. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. A ƙasashen sanyi, ko mai murhu mafi tsada da bututu har sama ana umartarsa ya liƙa na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru. Kasko ba shi da bututu ko kaɗan, saboda haka a ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da shi waje kafin a rufe ƙofa a kwanta.

Tambayar da maƙerin murhu a kasuwar Maraɗi zai yi ita ce, tun da saƙar tana nan a tsofaffin salansa, me zai hana a ciro ta a ɗora a kan murhu? Ba za ta yi ba. Saƙar mota tana da ramuka 400 ko fiye a fili mai faɗin kan babban yatsa, kuma ƙarfin inji ne ke tura hayaƙi ta cikinsu. Ta yumɓu da ake sa wa murhun itace ramuka 16 zuwa 25 gare ta a fili iri ɗaya, saboda ba abin da ke jan hayaƙin sai tashin iska mai zafi a cikin bututu. Idan aka ɗora ta mota a kan wutar itace, toka za ta toshe ta kafin tuwo ya nuna, hayaƙin ya dawo cikin madafa.